Wankin Turkudin Inna Zali

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na nuna wa Anti Habiba iyakar ilimina a cikin bahon wanki.

Anti Habiba ƙanwar babata ce, kuma a shekarun alif ɗari tara da tamanin ita ce editar wata mujallar ado a Accra. A unguwar Nima aka haife ta. Ta fara da keken ɗinki a bakin titin Kawukudi, ta kai ga zaɓar wa matan manyan gari abin da za su sa a gaban kyamara. Takan hango ɗaurin ɗankwali ta tagar motar haya ta trotro ta faɗi unguwar mai shi. Ni kuwa malamar makaranta ce, ina gyara mata rubutu ranar Asabar, ina sa waƙafi inda ya dace, ina kuma ji a raina cewa ba don ni ba da mujallar ta rushe.

Ta daɗe tana son sa kayan Zango, unguwannin Hausawa, a bangon mujallar, masu jarin suna cewa ba zai sayu ba. Da ƙyar suka yarda a gwada a fitowar Sallah. Sai ta tafi unguwar Maamobi wurin Inna Zali, wata tsohuwa 'yar Damagaram mai sayar da fura, ta aro turkudinta, zanen baba mai sheƙi da ta gada wurin uwarta. Tsohuwar ba ta taɓa ba da aronsa ba. Ta ce albarkacin Habiba ne, wadda ba a taɓa jin ta mayar da kayan mutum da zare ɗaya a warware ba.

Rufin ɗakin Anti yana yoyo, don haka ta ba ni ajiyar ƙunshin, ta ce kada komai ya taɓa shi. (Ban ɗauka ruwa yana cikin "komai" ba.) Na buɗe in gani, sai yatsuna suka yi shuɗi. Nan take darasin tsafta da nake koyarwa ya motsa: zanen da ke zuba a hannu ai bai ga wanki ba, kuma zai ɓata jikin yarinyar da za a ɗauka hoto. Na jiƙa shi, na sa sabulu, na sauya ruwa sau huɗu, na shanya, na bi shi da dutsen guga. Har na tsara yadda zan karɓi godiya cikin tawali'u.

Washegari a ɗakin hoto na miƙa shi a gaban kowa. Ya dusashe kamar tsohon labule. Anti ta juya shi, ta sansana, ta tambaye ni ko wanki na yi masa. Na ce ƙwarai, ai zuba yake yi. Mai hoton, ɗan ƙabilar Ga da ba ya jin Hausa, shi ma ya gane, ya rufe kyamararsa.

"Tica," in ji ta a hankali, "abin da kika zubar a kwata shi ne turkudin. Baba ake zuba masa, a yi ta bugu har ya yi ƙyalli. Wannan da ya rage ƙyalle ne."

Na kawo shawarar a shafa masa ɗan mai, a ɗauki hoton, a yi wa tsohuwa bayani daga baya. Ko kallona Anti ba ta yi ba. Ta sallami kowa, ta ja ni zuwa Maamobi, ta durƙusa gaban ƙwaryar fura ta ce laifinta ne, ita ta ba wadda ba ta sani ba.

Inna Zali ta daɗe tana shafa zanen. Sannan ta dubi faratana, waɗanda har lokacin shuɗi ne.

"Wannan ce mai koyar da yara?"

"Ita ce, Inna."

"Allah ya tsare yaran."

Bangon fitowar Sallah ya tafi da leshi, Anti ba ta taɓa yi mini gori ba. Ta aika da zanen arewa a motar goro, aka sake rina shi, aka buge, ya dawo bayan watanni. Inna Zali ta ce ba hannun da uwarta ta sani ba ne, amma da Sallah ta zagayo ta sake ba Habiba aro, bisa sharaɗin kada ya bi ta ƙofar gidan Tica. Fitowar nan har Kumasi aka yi ta nemanta.

Ni dai tun daga ranar, idan abu ya ba ni mamaki, nakan yi tambaya kafin in ɗebo ruwa.