Ranar da Na Taya Gwaram Murna

Shekarar da aka fara kashe naira, na bi 'yan ƙwallonmu na Birnin Kudu zuwa Gwaram a bayan akori-kura. Ina malamin firamare, kuma na taɓa kallon wasa a Kano, don haka tun daga tasha nake koya wa jama'a dokokin ƙwallo. Har dattawa suka yi shiru suna saurare.

Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci, na wuce sallar la'asar. Ina dawowa na hango ƙwallo ta shige ragar gabas, inda muke kai hari tun farko. Na cilla hula sama, na faɗa fili da babbar riga ina ihu, "Mun gama da su!"

Mutanen Gwaram suka ɗaga ni a kafaɗa. Daga can sama na hango mai tsaron gidanmu durƙushe a bakin ragar.

Sabo direbanmu ya matso a natse ya ce, "Malam, ai an juya."

Da ƙwallon nan aka cinye mu. Yau ina da jikoki, amma ko sahu na shiga a masallaci, sai wani ya raɗa mini, "Malam, wannan gabas ɗin dai ba a juya ta ba."