Tsiron da Na Ɗaure wa Karen Baffa

Wata rana na hango ɗan tsiro a cikin karen Baffa mai gadin shanu a Falgore. Da yake ni mai digiri ne, ba na gaggawa, sai da na wuni ina bincike a waya. An ce ko likita ya yanke, ko a ƙyale. Ni kuwa na ɗaure shi da zare don ya bushe ya faɗi.

"Baffa, wataƙila mun ceto shi."

Sai kare ya mirgina. Ga irin tsiron nan reras, sahu biyu.

Baffa ya ce, "Likita, ai nono ne. Ƙaro zare, aiki na gabanka."

Har yau in na doso rugar sai mata su ce, "Ku ɓoye shanun tatsa, ga Likita nan!"