Nomau da Jan Ɗigo

A garin Rafin Dinya akwai wani gida na zawarawa biyu: Dije, shugabar matan da ke haɗa man kaɗe, da ƙanenta Nomau, mai cajin waya a bakin kasuwa. Nomau ya haura arba'in, ya iya karatu, ba ya ƙarya, ba ya musu. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. 'Yar Dije, Hansatu, ita ta buɗe wa matan shafin intanet, ta nan mutanen birni ke yin odar mai. Da bautar ƙasa ta jefa ta Kalaba, sai ta damƙa kwamfutar a hannun kawunta. Dije ta so hanawa, amma ta duba gari kaf ba ta ga wanda zai karɓa ba.

Wata rana Dije ta ga rumfar caji a rufe kwana uku, mutane na ta zarya da matattun wayoyi. Ta tarar da Nomau a ɗaki ya zuba wa kwamfuta ido, tuwon jiya na gefe ya bushe. Ashe Hansatu ta ce masa da zarar jan ɗigo ya fito a shafin, alamar sabuntawa ta zo, ya danna kada ya ɓata lokaci. Shi ne yake gadi kada ɗigon ya fito ba ya nan.

"Tashi ka buɗe rumfa," in ji Dije. "Ɗigon ba tsuntsu ba ne, ba zai tashi ba."

Wata rana kuma ya nuna mata wurin da ake samun ƙari, wato ƙananan manhajojin da ake liƙa wa shafi don ya iya wani sabon aiki. Ya ce yawancinsu kyauta ne. Dije tana tsakiyar tuƙa mai, ta ce ai abin kyauta ba a barinsa. Kafin la'asar ya liƙa ɗari da ashirin. Duk wanda ya buɗe shafin sai ya ga ƙanƙara na zuba a kan hoton man kaɗe, kiɗa na tashi, ga agogon ƙasashe tara, ga wani akwati yana tambayar ko kana son kama ɗakin otal. Wata mai saye daga Kaduna ta bugo ta ce ta ɗora shinkafa ta sauke, shafin bai gama buɗewa ba.

Dije ta tsaya a kansa ta ce ya cire ƙarin nan duka, kada ya bar ko ɗaya. Bai bar ko ɗaya ba, har da guda huɗun da Hansatu ta sa da hannunta, cikinsu akwai wanda ke karɓar oda. Kwana tara ba oda. Mai ya taru a robobi, mata suka fara ƙunƙuni cewa shugaba ta ba wawa amanar tukunyarsu. Sai da Hansatu ta leƙa daga can ta mayar, Nomau kuwa ya ce shi ya lura tun ranar farko, ba a tambaye shi ba ne.

Ana haka sai wata mai kamfanin sabulu a Abuja ta aiko cewa ranar Juma'a za ta duba shafin ƙungiyoyi uku, ta zaɓi wadda za ta riƙa ba ta mai har tsawon shekara guda. Matan suka faɗa wa Dije a fuska: in wannan ta kuɓuce, ta sauka.

Ranar Alhamis, ana gobe Juma'ar, jan ɗigo ya fito, kuma babba ne, sabon zubin manhajar gaba ɗaya. Hansatu ta taɓa ce masa kafin babbar sabuntawa ya kwafe shafin a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a adana bayanai, ya ajiye nesa da kwamfutar. Nomau ya kwafe, ya auna bayan gida ya ga kusa ne, kasuwa ma kusa ce. Sai ya hau keke ya nufi Tungar Maje, wurin Goggonsu, tafiyar awa biyu. Dije ta shigo ta ga ɗigo ba mai shi. Ta ce yau za ta yi da kanta ta huta, ta danna. Shafi ya koma fari fat, ko harafi babu, domin sabon zubin bai jitu da ƙarin oda ba. Hankalinta ya tashi, ta kira mai gyaran waya. Shi kuma ya ce cuta ce ta shiga, ya wanke kwamfutar tas, har da wani tsohon filas da ke maƙale a jikinta.

Da Dije ta kira Hansatu a waya, sai ta ce, "Inna, ina kwafin?"

Dije ta leƙa waje tana neman ƙanenta. Daidai nan Nomau ya shigo da keke, gumi sharkaf, ya ce filas ɗin yana cikin kwallar Goggo, ƙarƙashin daddawa.

"Me ya kai shi can, Kawu?"

"Ke kika ce nesa."

Ko ruwa bai sha ba Dije ta juya shi. Washegari da hantsi Hansatu ta bi da shi mataki-mataki, shafi ya dawo yadda yake, filas na ta warin daddawa. Matar Abuja ta duba bayan sallar Juma'a, ta zaɓe su.

Bayan sati biyu jan ɗigo ya sake fitowa, Dije na zaune kusa da kwamfutar. Ta dube shi, ta dubi ƙanenta, ta tura hannayenta biyu cikin zani.

"Me kake jira? Na sa an yi wa keken iska."