Yadda Za Ki Raba Baba da Sitiyari Ba Tare da Kin Gaya Masa Ba

Masana zaman tare sun ce kyakkyawar sadarwa tana tsaye ne a kan abu uku: ki faɗi abin da ke ranki, ki saurara, ki dubi mutum a ido. Da alama masanan nan ba su taɓa zama gaban mahaifinsu da niyyar gaya masa ya tsufa ba. Ga hanya mafi ladabi, wadda aka gwada a wani gida da na sani, inda Baba, direba mai ritaya, idonsa ya yi rauni har motarsa ta fara sumbatar ginshiƙin ƙofar gida. Ina ba ki tabbacin cewa idan kika bi ta daki-daki, za ki shafe watanni ana maganar ba tare da kalma ɗaya ta isa kunnen mai ita ba.

Mataki na ɗaya: Ku tattauna da kowa, ban da shi

Ku buɗe zaure a waya, ku saka 'yan uwa duka, ku bar Baba a waje. Ku tura hoton ginshiƙin. Kowa ya yi salati. Daga nan ku zaɓi ɗan aike, kuma a kula, kada ya zama babba. A gidan da nake ba ki misali, Yaya ne ya yanke hukunci: "Auta, ke za ki je. Ke kaɗai ce ba ya iya yi wa faɗa." Auta tana cikin rubuta uzurinta, sai ta ga kowa ya riga ya sa mata albarka.

Mataki na biyu: Ki ba gaisuwa haƙƙinta

Kada ki yi gaggawa. Ki tambayi gajiya, ki tambayi ƙafa, ki tambayi maƙwabta gida-gida. Idan gaisuwar ta ƙare, ki sake ɗauko ta daga farko da wata murya. Auta ta ƙware a nan ƙwarai. Ta buɗe baki kenan za ta ce "Baba, dama...", sai aka kira salla. Ta koma gida da nutsuwar wadda ta yi iya ƙoƙarinta.

Mataki na uku: Ki ara wa maganar wani tsoho

Mai hankali ba ya nuna mutum da yatsa alhali akwai baban ƙawa.

"Baba, wata ƙawata ce, mahaifinta ba ya gani sosai, kuma ya ƙi ajiye mota."

Baba ya ajiye rediyonsa. "Subhanallahi! To shi wannan bawan Allah ba shi da 'ya'ya ne?"

"Yana da su."

"'Ya'yan banza kenan. Su gaya masa mana!"

A irin wannan wuri, amsa ɗaya ce ta dace, kuma ita Auta ta bayar: "Haka ne, Baba."

Mataki na huɗu: Ki nemi baki a waje

Ki je wurin bakanike, ki roƙe shi ya riƙe motar, ya ce kayan gyara sun yanke a kasuwa. Sai dai ki fara bincika tarihinsa. Wanda Auta ta samu ya goge hannu da tsumma, ya dube ta kamar ta ce ya yi sata.

"Ni in yi wa Oga ƙarya? Shi fa ya koya mini riƙe sifana. Daga tarin injin kaɗai zai gane lafiyarta lau."

Da yamma ya mayar da motar gida da kansa, a wanke.

Mataki na biyar: Ki saurara, amma kada ki razana a fili

Masana sun yi gaskiya a nan, sauraro yana da amfani. Auta ta zauna da Mama a kicin, ta kewaya, ta kewaya, har Mama ta gaji.

"Idonsa kike nufi? Kwantar da hankalinki, ai ni ce idonsa. Ina gaba, ina ce masa ga mai babur a dama, ga rami, danja ta ba da ja."

"Mama, ke da kike neman tabaranki alhali yana fuskarki?"

"To ai shi ya sa muke tafiya a hankali."

Ki yi murmushi. Ki fita tsakar gida ki yi addu'a.

Mataki na shida: Ki shiga motar

Wata rana za a kwantar da Mama a asibiti saboda gwiwa, kuma ranar sallama Baba zai ɗauki makulli zai je ɗauko ta shi kaɗai, ta babban titi. Kada ki hana shi. Ki ce kawai iska kike son sha. Haka Auta ta yi: ta zauna a kujerar Mama, ta riƙe bel da hannu biyu, tana karanta duk abin da ta haddace.

Sun doshi mahaɗar hanya mai danja, sai Baba ya rage gudu, ya matso da fuskarsa kusa da gilashi.

"Auta, wace kala ce?"

"Ja ce, Baba."

Ya taka birki. Wata babbar mota ta gifta ta gabansu, har tasu ta girgiza.

Mataki na bakwai: Kuskuren da za ki guje wa

A nan ne Auta ta rusa aikin watanni. Ba ta yi gaisuwa ba, ba ta aro baban kowa ba. Ta juyo ta dube shi.

"Baba, ba ka gani. Tsoro nake ji."

Da aka ba da hannu, ya lallaba ya gangara gefen titi, ya kashe injin. Hannunsa bai bar sitiyarin ba.

"Na sani. Tun bara na sani."

"To me ya sa ba ka faɗa ba?"

"In faɗa, wa zai kai uwarku asibiti? Kowannenku da aikinsa. Kuma ni, in ba wannan ba, me na iya?"

Auta ta miƙa masa hannu kawai. Ya daɗe yana duban tafin hannunta kafin ya zare makullin ya ɗora mata. Ya fita, ya kewaya ta gaban motar yana shafa ta, ya shiga ɗaya ɓangaren.

Ba su yi nisa ba ya gyara zama, ya rufe ido.

"Canja giya. Ba ki ji injin yana kuka ba? Wa ya ba ki lasisi, 'yar nan?"

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin komai ba. Duk wadda ta bar tsarin nan ta faɗi gaskiya kai tsaye, ta sani cewa za ta iya wayar gari ta zama direbar gida, da malami a gefenta wanda ba ya ganin hanya amma yana jin kowane kuskure. Wannan tsakaninta ne da mahaifinta. Allah Ya ba ta haƙuri, Ya kuma ƙara wa malamin nisan kwana.