Ranar da na diro daga taksi a bakin gada

Bara littafi ɗaya bayan ɗaya na yi ta karantawa, kuma dukansu na kisa ne da satar mutane. Kafin shekara ta ƙare, na tabbata ko ta tafiya ina iya gane mugu. Har a buro nake wa abokan aiki lacca a kai.

Wata Alhamis da la'asar na tari taksi daga unguwar Plateau zuwa gida, unguwar Kirkissoye. Ni kaɗai ne fasinja. Direban ya dube ni ta madubi, ya ɗauki salula ya ce, "Na samo shi. Mai ƙiba ne sosai. Ku wasa wuƙa, ga mu nan."

Na dubi tumbina. Sai kuma na ji wani abu yana bugun bayan kujera. Na ce shi ke nan, akwai wanda suka riga suka ɗaure.

Da muka shiga cunkoson bakin gada, na buɗe ƙofa na faɗo, takalmi ɗaya a ƙafa, ina ihu, "Jama'a, za su yanka ni!"

Mutane suka kewaye motar, aka tilasta masa buɗe baya. Rago ne fari, yana tuƙa abinsa.

"Malam," in ji direban, "gobe sunan ɗiyata."

Ashe layinmu ɗaya da shi. Har yau in na wuce majalisar unguwa sai wani ya ɗaga murya: "Mai ƙiba, an wasa wuƙar fa!"