Furen Ta'aziyyata Ya Zama Na Biki

Jama'a, ranar Litinin na wayi gari maci amana, alhali ko ƙwai ban fasa ba.

Kun san Masu Girma shugabannin kulob ɗinmu na ƙwallon ƙafa sun sake korar koci, na huɗu cikin shekara biyu. Sun kawo wani wanda ya taɓa faɗar da ƙungiyoyi biyu zuwa ƙaramin rukuni. Sun ce yana da gogewa. Gaskiya ne, hanyar ma ya haddace ta.

Sai mu magoya baya muka yanke a yi yadda aka saba: kowa ya aika farin furen ta'aziyya ƙofar ofishinsu, a nuna kulob ya rasu. Ni da nawata, sai da na gama cin miyar kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, na nufi shagon Gyeong-ja mai fure.

"Baban Seul-gi, fari ya ƙare," ta ce. "Abokanka sun kwashe. Gawar gaske ma jira take."

Na ce, "Goggo, ki yi da abin da ya samu."

Ta kuwa yi da ja da ruwan hoda, irin na buɗe sabon shago. Fure talatin na makoki, ɗaya na biki, ga sunana, Bang Deok-su, rangaɗau a ƙyalle. Mai Girma Shugaba, Allah ya ƙara basira, ya sa aka kwashe talatin ɗin, aka ɗauki hoton sabon koci kusa da nawa. Jarida ta buga: magoya baya sun amince da sabuwar alƙibla.

Asabar na je kujerata ta bayan raga, inda na shekara ashirin ina zagin alƙalin wasa. Pyo mai ganga ya ɗora jakarsa a kai.

Na ce, "Ƙanena, fure ne ya ƙare, wallahi!"

"Yaya, mu ma kujera ce ta ƙare," in ji shi. "Je ka wurin surukanka."

Garin neman gira na rasa ido. Masu Girma suka gayyace ni, yanzu can sama nake zama, cikin ɗakin gilashi na manya, ana ba ni shayi, ba ihu, ba zagi. An ci mu uku da nema, Mai Girma yana ta tafi.

Daga baya ya matso ya raɗa mini: "Malam Bang, namu su ne masu shuɗiyar riga, ko?"

Na ce e, ranka ya daɗe, alhali masu shuɗin ne suka lallasa mu. Me zai sa in ɓata wa mutumin da ke cin wasa rai?