Ɗan Ikko a Kan Hasumiya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, kuma ko na so in manta, mutanen Ƙaura Namoda ba za su bar ni ba. Yau gemuna ya yi fari fat, ina da jikoki, amma da iska ta ɗan taso sai wani tsoho ya leƙo shagona ya ce, "Ɗan Ikko, riƙe ƙarhe!" Ya yi dariyarsa ya wuce.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, jirgin ƙasa yana zuwa garinmu ya juya. Ni kuma ban daɗe da dawowa daga Ikko ba, inda na yi shekara uku wurin kawuna ina koyon gyaran rediyo. Gyaran na iya shi, wannan ba ƙarya. Ƙaryar tana wurin inda na ce na yi aikin. Rumfar kawu a jingine take da katangar wani dogon bene mai hawa ashirin da biyar, kuma a shekara ukun nan iyakata da benen in sha inuwarsa. Akwai dai wani masinja da ke kawo mana rediyon maigidansa, shi ne ya taɓa ba mu labarin cewa can ƙololuwa, idan iskar teku ta taso, ginin yakan yi lilo a hankali, tagogi kuma su riƙa kuka. Labarin ya burge ni. Da na tashi dawowa gida sai na haɗo shi da kayana, na cire masinja na sa kaina.

Kullum da safe a teburin mai shayi na bakin tasha nake baje kolina, ga wando fantalo, ga agogo a hannu.

"Ku da ba ku taɓa hawan abin da yah hi rumbu ba, mi kunka sani?" in ji ni. "Can bisa, benen baki ɗai rausaya shikai. Ka aje shayi bisa tebur, ka ga shayin na kai da kawo cikin kohi. Iska ko na kuka ga taga awa mai naƙuda. Turawa na riƙon bango, ni ko ina tsaye ina ɗaurin waya."

Direbobi da 'yan kamasho su riƙe baki. (Ranar da na fara faɗa, a hawa na goma sha biyu nake aiki. Kafin wata biyu na yi wa kaina ƙarin girma har na kai na ashirin da biyar.)

To, a lokacin ina neman auren Balki, kuma ina sonta son da ba na iya cin tuwo in na kwana biyu ban ganta ba. Mahaifinta, Alhaji Mamman, motocin ɗaukar shanu gare shi, shi ne kuma shugaban masallacin tasha. Mutum ne da ba ya yawan magana, sai kallo. Baffana ya je masa da maganarmu, amsar da ya samu ita ce, "A ba ni lokaci in diba yaron." Wata uku ana dibar yaro. Da na matsa wa Balki a wurin zance, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba ya ce hannunka na da kyau. Bakinka na bai gama ganewa ba." Ni da wautata sai na ɗauka yana nufin in ƙara nuna masa na ga duniya, don haka na ƙara wa labarin gishiri.

Masallacin nan yana da wata hasumiya da ba irinta a yankin. Wani tsohon mai walda da ya yi ritaya daga reluwe ne ya haɗa ta da ƙarafunan dogo da bututu: ƙafa huɗu, tsani a tsakiya, sai wani ɗan ɗakin kwano a can sama. Ladanin, Malam Nomau, ya haura saba'in, kuma ya rantse shi ba zai kira salla yana tsaye a ƙasa kamar mai tallan magani ba. Da aka sayo lasifika sai dole aka hau da komai can sama, da na'urar, da batirin mota, da makirufon. Sau biyar a rana tsohon nan yake hawa ya sauko.

Ranar Larabar, ina tsakiyar zuba, sai na ji teburin ya yi tsit. Na waiga, Alhaji Mamman ne tsaye a bayana, mutumin da bai taɓa zama wurin mai shayi ba. Na zube na gaishe shi.

"Lasifikarmu ta mutu kwana biyu," ya ce. "An ce man kai kag gyara wayar bene ashirin da biyar. Wagga hasumiya tamu ai kujera ta gare ka. Bayan azahar ka zaka ka diba muna."

"An gama, Baba Alhaji," na ce, har da bugun ƙirji.

Bayan azahar tasha ta cika maƙil, don ana lodin motocin da za su kasuwar Shinkafi washegari. Labari ya zaga cewa Ɗan Ikko zai hau, kowa ya bar abin da yake yi. Na soke sukundireba da filaya a aljihu na kama tsani. Matakala ashirin na farko da taƙama na hau su, har na saki hannu ɗaya na ɗaga wa jama'a. Daga ta arba'in na daina kallon ƙasa. Sittin da biyu ne gaba ɗaya, na ƙidaya su da gwiwoyina.

Da na shiga ɗakin na leƙa ta 'yar taga, sai ga garin duk a tafin hannuna: taragwan jirgi kamar kwalin ashana, hanyar Zurmi ta miƙe, gonakin wajen Sakajiki an share ana jiran ruwa. Na yi maza na janye kai. Matsalar kuwa ba ta taka kara ta karya ba, kan batir ne ya yi tsatsa. Na kankare, na ɗaure waya, na murza makunni, na hura makirufo.

"Ɗaya, biyu, uku. Jama'ar Ƙaura, aiki ya kammala!"

Na ji shewa da tafi daga ƙasa. Kaina ya kumbura. Na rataye makirufon a ƙusarsa jikin ƙarfen da ke tsakiyar ɗakin, na shiga tattara kayan aiki ina tsara yadda zan ba da labarin gobe. Makunnin nan kuwa ban kashe shi ba.

Bazara ce, irin lokacin da iska ke zuwa ba sallama tana share wa damina hanya. Da farko wani siririn fito na ji, kamar mutum yana hura bakin kwalba. Sai na biyu ya amsa masa da murya mai kauri, sai na uku. Kafin in ankara hasumiyar gaba ɗaya tana kuka, kwanon rufi yana ɓaɓatu, wayoyi suna gurnani. Sannan ƙasan ɗakin ya tafi da ni gabas a hankali, ya tsaya, ya dawo da ni yamma. Sukundirebana da ke ajiye ya gangara da kansa, ina kallonsa, ya sami wata kafa ya faɗa. Ban ji saukarsa ba.

Jama'a, ashe abin da masinja ya faɗa gaskiya ne, sai dai bai faɗi yadda hanjin mutum yake yi ba. Na durƙushe na rungume ƙarfen tsakiya da hannu da ƙafa, na runtse ido, bakina bai fi taƙi ɗaya daga makirufon ba. Na tabbata a raina yau zan gamu da Ubangijina, kuma da ƙarya a bakina.

"Wayyo Inna! Inna ki zaka ki ɗauke ni!" (Inna tana tsakar gida tana tankaɗe a unguwarmu, ta ce sai da rariyar ta suɓuce mata.) "Ya Allah na tuba! Wallahi ban taɓa hawan benen nan ba! Gindinai nike, rumhwar kawu! Labarin masinja na nis sata! Sau guda nis shiga akwatin da ka kai mutane bisa, ƙohwa na ruhewa nih hwasa kuka anka hidda ni!"

Iska ta sake tura mu, na ƙara ƙanƙame ƙarfe.

"Turawa ba su riƙe bango ba, ban san mi suka riƙo ba, ban gane su ba! Agogon ga ma ba Bature yab ba ni ba, gwanjo na! Ya Allah in ka sauke ni lahiya ba ni ƙarawa! Balki ki yahe man, wallahi ke ɗai ta gaskiya cikin zancena duka!"

Ina ta jin kamar maganata tana dawo mini daga nesa, daga wajen tashar jirgi, daga wajen kasuwa. Na ce a raina to shi ke nan, mala'iku ne suka fara maimaitawa.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Sai na ji ƙyat, an kashe wani abu a saman kaina. Na buɗe ido ɗaya. Malam Nomau ne tsaye, ko bango bai dafa ba, rigarsa tana kaɗawa, goro a bakinsa.

"Ɗan ga, ka ƙare wa'azin? La'asar ta yi."

"Baba Ladan, hwaɗuwa za ta yi!"

"Shekara tara tana hakan ga ba ta hwaɗi ba. Wanda yaƙ ƙera ta ya ce da gangan yab bar mata wuri ta motsa, in ta ƙage tsaye iska karya ta takai. Kukan ko bututu na, bakinsu buɗe. Na cusa ma biyu tsumma, sauran hannuna bai kai ba." Ya tofar da goro ta taga. "Amma muryarka ta hita tangaram. Aikinka ya yi kyau. Har bakin gulbi an ji ka."

A nan ne na kalli makunnin, na kalli makirufon, na gane. Wallahi a wannan lokacin da hasumiyar ta faɗi da ni da na gode mata.

Ya sake kunnawa ya kira salla, ni ina tsugune a gindin ƙafarsa rungume da ƙarfe. Da ya gama ya riga ni kama tsani, ya ce in biyo shi. Tsoho ɗan saba'in da wani abu shi ne ya riƙa kama dugadugaina yana ɗora su a matakala ɗaya bayan ɗaya, yana cewa, "Sannu, sannu, saura kaɗan." Takalmina ɗaya ya riga mu sauka.

Muka iso ƙasa. Mutum ya fi ɗari, duk sun zuba mini ido. Sai mai shayinmu ya miƙo mini sukundirebana ya ce a hankali, "Ashe dai Turawa ba su riƙe bango ba." Tasha ta fashe. Wani direba har da kwanciya a kan buhun gero. Na hango Alhaji Mamman a ƙofar masallaci, bai yi dariya ba, ya dube ni ya shige. Na yi salla a sahun ƙarshe, na bi ta lungu na tafi gida da takalmi ɗaya a hannu. Ruwan ma bai sauka ba ranar, iskar ni kaɗai ta zo wa.

Kwana uku ban fita ba. Dariyar gari ba ta dame ni kamar Balki ba, don na riga na sallama cewa na rasa ta, kuma ni na jawo. A rana ta huɗu Inna ta kore ni shago. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa sai inuwa ta rufe ƙofa. Alhaji Mamman ne, da rediyon mota a hannu. Na sauka daga benci na durƙusa, na kasa ɗaga ido.

"Ka san rediyon ga?" ya ce.

"A'a, Baba Alhaji."

"Kai kag gyara shi bara waccan, rumhwar kawunka, gindin bene. Na kai shanu Ikko yam mutu man ga hanya. Kanka na duƙe ga aiki, ba ka ko dibe ni ba. Har yau bai sake tsayawa ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Wato duk watannin nan da nake hawa bene a teburin shayi, mutumin nan ya san inda nake zama.

"Baba, mi yah hana ka tona ni?"

"In ni nit tona ka, na kama maƙaryaci, shi ke nan, ba ni ba shi ɗiyata. Jira nikai in ji ko kai za ka hwaɗi da bakinka. Ban dai zaci gari duka za ka tara ba." Gefen bakinsa ya ɗan motsa, iyakar dariyar da na taɓa gani a fuskarsa ke nan. "Mutumin da yag ga mutuwa, abin da yah hito mai ga baki tuba ta da sunan ɗiyata, ina iya ba shi amana. Ka ce ma baffanka shi zaka ran Juma'a."

Ya ajiye rediyon ya ce in goge masa ƙura kawai, ya fita. Na zauna a ƙasan shago na yi kuka na biyu a mako guda, wannan karon ba lasifika.

Balki tana nan tare da ni har yau, ita ce kakar jikokin da na ambata. Gyaran lasifikar masallaci kuwa ya zama nawa, na yi shekaru ina hawa duk wata, kuma ban taɓa hawa ban ƙanƙame ƙarfe ba. Na dai toshe sauran bututun da tsumma saboda Malam Nomau, Allah ya jiƙansa. Idan yara suka tambaye ni Ikko, nakan ce musu inuwar benen tana da sanyi, iyakar abin da na sani ke nan.

Abin da na koya? Kada ka ba da labarin inda ƙafarka ba ta taka ba, don wata rana za a nuna maka tsani a ce bismilla. In kuma har ta kai ka ga tuba, to ka tuba da zuciya ɗaya, amma don Allah ka fara duba makunni.